Ƙasar da Ake Ce wa Kaki "Malam"

Tun da muka dawo daga Indonesiya wasu a gidan nan suke tsokanarmu, wai mun tafi koyon zanen atamfa mun dawo ba ƙyallen tsaraba, ba layin rubutu. Ta ƙyalle dai sai haƙuri, guzurin ɗalibi bai kai nan ba. Ta rubutu kuwa ga ta, tunda yau layi ya zo kanmu.

Duk gidan da aka taɓa haɗa lefe an san Holan, an san sufa, an san atamfar da ake ɗorawa a saman akwati don dangin amarya su gani, da wadda ake cusawa a ƙasa don cika lissafi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ita atamfar nan jika ce, kakarta tana tsibirin Jawa, sunanta batik. A ƙarni na 19, lokacin da Turawan Holan ke mulkin tsibirin, sun ga irin kuɗin da mutanen wurin ke kashewa a kan zanen da mace ɗaya kan shafe watanni tana yi da hannu. Sai masu masaƙu a garuruwan Haarlem da Helmond suka ce me zai hana inji ya yi a yini guda abin da hannu ke yi a wata uku? Suka buga, suka loda a jirgin ruwa, suka kai. Mutanen Jawa suka juya kayan, suka shinshina, suka ajiye. Abin da ya tona asirinsa shi ne ƙaron da injin ke shafawa yana tsattsagewa, rini ya bi ta tsagar ya bar jijiya-jijiya da ɗige-ɗige a jikin zanen. A wurinsu wannan aibi ne, alamar aikin gaggawa. A shekarun 1890 wani ɗan kasuwa na Glasgow, Ebenezer Brown Fleming, ya fara kai irin kayan nan gaɓar Ghana ta yau, kuma a can aibin ya koma ado. Kamfanin Helmond ɗin, wanda ya faro a 1846, shi ne Vlisco na yanzu, mai Holan ɗin lefenmu. Wato jijiyar nan da iyayenmu mata ke dubawa su ce wannan ta gaske ce, ita ce aka raina a Jawa.

Mun ji wannan tarihi tun muna makaranta, amma a taƙaice, kamar yadda ake jin abin da za a tambaya a jarrabawa. Tambayar da ta rage mana ita ce: wane irin ido ne da waɗannan mutane, da har talakansu zai ga kayan Turai mai sheƙi da araha ya kau da kai? Da ita muka tafi, da difilomarmu ta zayyanar tufafi, ta hanyar tallafin da gwamnatin ƙasar ke ba ɗaliban waje su je su koyi harshe da sana'o'in gargajiya. Aka ajiye mu a Yogyakarta, wadda kowa ke gajarcewa Jogja. Wasu ranaku a aji, sauran a gidajen masu sana'a, kuma maganar gaskiya ranakun gidajen su suka fi auki.

Harshen bai ba mu wuya kamar yadda abinci ya ba mu ba. Bahaushe da miya mai zaƙi sai a hankali. Amma da ka ji Kamis, Jumat, Sabtu ka san Alhamis da Juma'a da Asabar ake nufi, dunia duniya ce, sabun kuma sabulu, Larabci ya riga ya yi mana zumunci. Har harafin "c" ma irin namu suke furtawa, don haka duk inda kuka ga canting ko cap a ƙasa ku karanta shi da Hausarku, daidai ne. Kalmar da ta fi ba mu dariya ita ce malam. A can malam dare ne, kuma shi ne sunan kakin da ake zanen da shi. Mu biyu ne masu jin Hausa a ajin, ranar da aka ce a ɗora malam a wuta har ya narke, kar a bari ya ƙone, sai da muka sunkuyar da kai.

Wurin da ya fi zauna mana a rai shi ne Giriloyo, wani ƙauye a yankin Imogiri, kamar tafiyar minti arba'in a babur kudu da Jogja, kusa da dutsen da Sultan Agung ya gina makabartar sarakuna a kansa a ƙarni na 17. Aikin na mata ne. Za ka same su a barandar gida, huɗu ko biyar sun kewaye ɗan risho guda, kowace a kan kujera 'yar tsugunno, farin yadi rataye a kan katako a gabanta. A kan rishon akwai ɗan kaskon da malam yake narke a ciki, haɗin kakin zuma da ƙaron itace da irin abin da ake yin kyandir da shi. Alƙalaminsu shi ne canting: ɗan ƙoƙon jan ƙarfe wanda bai fi kan babban yatsa ba, da siririn baki irin na buta, an kafa shi a guntun gora. Mace za ta kamfato kaki, ta kai bakinta ta hura, fuu, sannan ta ja layi, tafin hannunta na hagu yana tallafe da yadin ta baya. Kafin ya huce ta juye ragowar a kasko ta sake kamfata. Haka tun hantsi har la'asar. In kakin ya cika zafi sai ya malale ya ɓata layi, in ya yi sanyi sai ya tsaya a sama bai ratsa zare ba, kuma ba wanda ke da ma'auni, da hayaƙinsa da yadda yake zuba suke gane shi. In ka rufe ido ba abin da za ka ji sai wannan fuu, fuu, da hira ƙasa-ƙasa, don mutanen Jawa ba sa ɗaga murya. Mu da muka saba da hirar Kano sai muka riƙa jin kanmu kamar lasifika.

Abin da ke wahalar da wanda ya koyi zane a takarda ko kwamfuta shi ne nan komai a juye yake. A takarda, inda ka sa alƙalami nan launi yake. A batik, inda ka sa kaki nan ne launi ba zai shiga ba. Kana zana abin da kake so ka hana, kana lissafin zanen da ba ka gani ba tukuna. Sai an fara fitar da layukan waje, a bi su da ƙananan ɗigo da zare-zaren cike gurbi waɗanda suke kira isen, a juya yadin a sake bin komai ta baya, layi bisa layi, sannan a toshe manyan filayen da ake so su zauna fari. Daga nan a tsoma a baba, irin babanmu dai na karofi, a fitar ya sha iska ya juye daga kore zuwa shuɗi, a sake tsomawa, sau da yawa. Sai a kankare kaki daga wasu wurare, a rufe shuɗin da ake so ya tsira, a shiga rini na biyu mai suna soga, wanda ake dafawa daga ɓawo da itacen wasu bishiyoyi uku, launinsa kamar makuba. Inda soga ya hau kan shuɗi, baƙi ya fito. A ƙarshe a tafasa zanen a tukunya, kakin ya taso sama, a kwashe shi don aikin gaba. Kowane ƙarin launi na nufin a koma kan kujera a sake zama. Zane ɗaya mai tsawon mita 2 da rabi yakan ci wata ɗaya zuwa uku, na ƙwarai ƙwarai ya fi haka. Wannan shi ne batik tulis, wato rubutacce, kuma a matsayinmu na marubuta sunan ya yi mana daɗi.

Akwai wata dattijuwa da muka fi zama wurinta, muna kiranta Ibu kamar yadda ake kiran kowace uwa a can. Tun tana yarinya ta karɓi canting daga hannun mahaifiyarta. Ita ta ba mu labarin yadda matan ƙauyen a da 'yan ƙodago ne kawai: su zana kaki, su kai yadin birni yana fari, attajirai su rina su sayar, riba ta tsaya a can. Abin da ya sauya wannan ba alheri ba ne a farkonsa. Ranar 27 ga Mayu 2006 girgizar ƙasa ta afka wa yankin da sassafe, ta kashe mutum fiye da 5,000, gundumar Bantul da ƙauyen yake ciki ita ta fi jin jiki. A cikin agajin da ya biyo baya aka koya wa matan rini da ciniki, suka haɗu ƙungiya-ƙungiya, suka fara sayar da gamammen zane da kansu. An samu sauƙi, ba a samu wadata ba. In ka raba kuɗin zane ɗaya da kwanakin da ya ci, ladan yini bai taka kara ya karya ba, kuma kusan duk matan da muka gani a barandun nan sun manyanta. Muka tambayi Ibu ina 'yarta, ta ce tana aikin kanti a birni, ana biyanta duk ƙarshen wata. Ta ɗan yi shiru ta ce, "'Ya'yana, ni ma da ni ce ita, kantin zan je." Ba da ɗaci ta faɗa ba, tana faɗa tana hura canting. Yanzu wani babban kaso na abin da ƙauyen ke samu daga baƙi ne, motoci cike da 'yan makaranta da 'yan yawon buɗe ido da ke biya a koya musu zanen hankici na awa biyu. Koyar da wasan sana'ar ya fi sana'ar kanta kawo kuɗin yau. UNESCO ta sa batik cikin jerin al'adun duniya ranar 2 ga Oktoba 2009, ana ta murna har gobe, amma takardar yabo ba ta sayen tabarau, kuma idon Ibu ya fara gajiya.

Wani darasin da ba a kan kujera muka koya ba shi ne zane a can magana ne. Mu a aji tambayar da muka saba yi ita ce: ya yi kyau? Su tambayarsu: na wane ne, kuma na wace rana? Akwai parang, layuka a karkace masu kama da wuƙaƙe ko igiyar ruwa, wanda a da doka ta keɓe wa sarki da jininsa. Har yanzu abin bai mutu ba, don a Disambar 2022, da aka yi walimar auren ɗan Shugaba Joko Widodo a fadar Mangkunegaran da ke Solo, an roƙi baƙi kar su sa parang. Mun fahimci wannan nan take, ai ko a Kano ba kowane mai kuɗin rawani ne zai naɗa mai kunne biyu ya shiga fada ba. Akwai sido mukti na ango da amarya, fatan rayuwa mai wadata. Akwai truntum, ƙananan furanni kamar taurari a baƙin fili, wanda iyayen ma'aurata ke ɗaurawa ranar biki. Akwai slobog na zaman makoki. Sannan mai ido yana hango zane daga nesa ya ce na Jogja ne don filinsa fari, ko na Solo ne don filinsa ya yi rawaya-rawaya. Mu ma muna da irin wannan harshe a aska takwas da aska biyu da dagi, amma a wuyan riga da bangon soro ya maƙale, bai sauko jikin yadin da matanmu ke ɗaurawa ba.

Solo tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa daga Jogja. Can muka shiga Laweyan, unguwar attajiran batik, mai dogayen katangu da matsattsun lunguna, sai ka ce cikin birni wajen Kurmi. A unguwar nan mata ne suka riƙe ragamar ciniki tun da can, kuma daga nan Haji Samanhudi, shi ma ɗan kasuwar batik, ya kafa ƙungiyar 'yan kasuwa Musulmi a farkon ƙarni na 20, wadda ta rikiɗe ta zama Sarekat Islam, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin farko da suka tara jama'a a zamanin mulkin Holan. Ahmad Dahlan ma, wanda ya kafa Muhammadiyah a Jogja a 1912, yana karantarwa yana fataucin batik, malami mai cin abinci da malam. A Laweyan muka ga ɗaya fuskar sana'ar, ta maza. Ita ce batik cap, na hatimi. Hatimin jan ƙarfe ne mai faɗin kamar tafin hannu biyu, da mariƙi irin na dutsen guga. Mutum yana tsaye ba riga saboda zafi, ya tsoma hatimin a farantin kaki, ya girgiza, ya danna a yadin da aka shimfiɗa kan teburi mai laima, ya ɗaga, ya sake dannawa daidai inda na farko ya tsaya, ba tare da an ga gaɓa ba. Abin da mace za ta yi wata a kansa, shi ya buga goma ko fiye a yini. Hatimin nan ya yaɗu ne a tsakiyar ƙarni na 19, kuma shi ne rabin amsar tambayarmu. Mutanen Jawa ba ƙin kayan Turai kawai suka yi suka zauna ba, sun ƙirƙiro nasu mai araha wanda har yanzu kaki ne na gaske da hannun mutum, don talaka ya samu na ɗaurawa. Wanda ya fi ba mu mamaki ma shi ne maƙerin hatimin, wani dattijo da ke lanƙwasa siraran jan ƙarfe da hantsaki, yana jera su ɗaya bayan ɗaya har fure ya tashi. In ana neman ainihin mai zayyana a wannan sana'a, shi ne, kuma sunansa ba ya fitowa a jikin komai.

Pekalongan daban take. Tana gaɓar teku ta arewa, garin fatake, don haka zanenta ya kwaso kowa: Sinawa, Larabawa, Indiyawa, Turawa. Babu makuba da shuɗi kaɗai, nan ja ne da kore da ruwan hoda, tsuntsaye da damin furanni. A nan ne wasu masu sana'a, irin su Eliza van Zuylen da Oey Soe Tjoen, suka riƙa sa hannu a gefen zane kamar yadda marubuci ke sa suna a littafi, kuma yau masu tara kayan tarihi suna rububin abin da suka bari. A gidan adana batik na garin, wanda aka buɗe a 2006, muka tsaya gaban wani salo da ya fi komai yi mana amfani a matsayin ɗalibai. Sunansa pagi-sore, wato safe da yamma. Zane ɗaya ne aka raba shi biyu a karkace, rabi da wani ado mai haske, rabi da wani mai duhu. Ya yi tashe lokacin da Japan ta mamaye ƙasar, 1942 zuwa 1945, sa'ad da yadi ya yi wuya. Mace ta ɗaura wannan gefe da safe, ta juya wancan da yamma, mai kallo ya ɗauka zane biyu gare ta. Duk wanda ya je Kwari kwanan nan ya ji farashin turmi zai gane dalilin da ya sa muka daɗe a gaban gilashin nan. Amma Pekalongan tana biyan kuɗin launukanta. Yawancin rinin na kanti ne, kuma ruwansa yana gangarawa kwata ya shiga kogi, mun ga kogin da idonmu, baƙi ƙirin da rani. A Fabrairun 2021 ambaliya ta bi ta wuraren rini a unguwar Jenggot, ruwan da ya cika tituna ya koma ja kamar jini, hotunan suka zaga duniya. Ga kuma teku da ke shigowa unguwannin gaɓa a kai a kai. Wanda duk zai yi sha'awar kwaikwayon sana'ar nan ya fara tunanin inda ruwan wankinsa zai je.

Kar kuma wani ya ɗauka aljanna muka je. Ku shiga kasuwar Beringharjo a Jogja ko Klewer a Solo, mafi yawan abin da ke rataye bugun inji ne, wani na gida, wani daga Sin, ciwon da ke damun Kwari shi ke damunsu. Har an kai ana buga wani da kaki mai sanyi don ya yi ƙamshin na gaske. Bambancin da muka gani shi ne suna kiran kowane abu da sunansa. Masu sana'a da hukuma sun tsaya a kan cewa bugun inji ba batik ba ne, yadi ne mai adon batik, har akwai tambarin gwamnati mai launi uku: ruwan zinariya na rubutacce, fari na hatimi, ruwan azurfa na wanda aka haɗa biyun. Amma tambarin da ya fi aiki yana hannun mata irin wadda muke haya a gidanta. Ba ta taɓa zana batik ba, mai sayar da abinci ce, amma ka miƙa mata zane, kafin ka rufe baki ta juya bayansa ta ga ko launi ya ratsa, ta kai hanci, ta bi ɗigo-ɗigon da farce ta ga ko girmansu ya bambanta kamar yadda hannu ke yi, ta nemi inda hatimi ya haɗu da ɗan uwansa. Tana sayen bugun inji, sarai, don zaman gida da zuwa kasuwa, tana sane da abin da ta saya. Amma a ƙasan durowarta akwai rubutattu guda uku, ɗaya na kakarta, ba ta wanke su da omo sai da 'ya'yan wata bishiya mai kumfa da suke kira lerak, ba ta kuma shanya su a rana. Ma'aikata da 'yan makaranta suna da ranakun sa batik a mako, ranar 2 ga Oktoba kuwa kusan kowa ya sa. Yaro ya taso yana ganin uwarsa tana juya zane, shi ma ya iya. Wannan ne ɗaya rabin amsar.

To mu fa? In ana maganar mutuwar masaƙunmu, abin da ake lissafawa shi ne fasa-ƙwauri, rashin wuta, tsadar auduga da sakacin gwamnati, kuma duk gaskiya ne. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta tsaya, UNTL ta rufe a 2007, Kakuri ta yi tsit. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa saƙa da rinin garin suna kaiwa har Tambutu da Turabulus, yau kuwa ka je Ƙofar Mata, inda allon wurin ke cewa tun 1498 ake rini, ka ƙirga rijiyoyin da ke da ruwa da waɗanda suka bushe. Amma akwai abin da ba a cika sa wa a lissafin ba, a ganinmu, shi ne idon mai saye. Kakanninmu sun san saƙi daga nesa, sun san ɗan Kura da sheƙinsa da ƙamshinsa, kuma shunin da yake bari a fatar mutum ado ne, har yau Buzaye na alfahari da shi. Mu da muka taso, zane ya bar launi a jikinka sai ka ce yana zuba, ka mayar wa mai kanti. Abu ɗaya ne, jiya ado yau aibi, kamar yadda jijiyar atamfa ta zama aibi a Jawa ado a nan. Yanzu in an baje lefe, hannu ba ya zuwa tsakiyar zane, gefe yake zuwa, a karanta sunan kamfani. Shi kuwa suna ba abin da ya fi shi sauƙin kwaikwayo, injin da ya buga furen shi zai buga sunan. Muna cewa araha ba ta ado, amma wanda bai iya bambancewa ba yakan biya kuɗin tsada ya ɗauki arahar. Marini ko masaƙi da ya ɓata sati a kan aiki, wa zai nuna wa? Ba gwamnati ce za ta koya wa yarinya juya zane ba.

Da muka dawo mun taho da canting guda biyar, su ne tsarabar da muka yi wa kanmu. Kaki bai yi wuya ba, masu zuma suna matse saƙa su zubar, mun saya da araha muka tace. Rinin baba kuma mai sanyi ne, ba zai narkar da kaki ba, don haka a lissafi abin zai yiwu. Muka zana safe da yamma a farin yadi shida, rabi dagi manya a jere, rabi ƙananan ɗigo irin na Ibu, ya ci mana sati bakwai. Muka kai wa wani dattijon marini da ke rina wa gidanmu tun muna yara. Ya ɗaga yadin, ya shinshina, ya murza da yatsa, abin da ya faranta mana rai tun kafin ya yi magana. Sannan ya ce, "Yaran nan, rijiya rai gare ta, ba ta son maiƙo. In abin nan naku ya kashe min ita, wa zai biya ni baba da tokar da na zuba?" Muka ce, "Baba, to a haɗa mana a randa daban, mu za mu sayi kayan haɗin." Ya yarda da wannan. Ya sake tambaya wa zai sayi zanen da aka yi sati bakwai ana yi, muka ce akwai wata 'yar uwarmu da za a yi bikinta bayan Sallah, ta ce tana so ta ɗaura ranar kamu, in dai gwaggonninta ba su ce an ba ta kayan makoki ba saboda shuɗin.

Randar tana kwana na huɗu yanzu, ta fara kumfa. Gefen zanen babu sunan kowane kamfani, mun bar wurin fari. Mun tambayi Baba ko a rubuta sunansa da kaki a nan, yadda masu Pekalongan ke yi, tunda rinin nasa ne. Ya ce tukuna, a bari ya ga yadda zai fito.